Warso, Birnin da Igiyar Awo ta Ceto

Da hantsi na shiga tsohon garin Warso, babban birnin ƙasar Polan, a wani yini na watan Oktoba. Sanyi yana ratsa riga kamar na tsakiyar hunturu, ganyen itatuwa ya koma ruwan ɗorawa yana zuba a kan duwatsun hanya. Na bi wani siririn lungu har ya fitar da ni dandalin kasuwa, sai na tsaya cik. Gidaje ne masu hawa huɗu da biyar, kafaɗa da kafaɗa sun kewaye filin, wannan ja, wancan kore, na gaba ruwan ƙasa, kowanne da irin ƙofarsa ta sassaƙaƙƙen dutse da irin adon da ke goshinsa. A tsakiya ga mutum-mutumin 'yar ruwa riƙe da takobi da garkuwa, wadda ita ce tambarin birnin.

Ni malamin zanen gini ne, kuma jikan magini. Duk inda na je, ƙafata takan riga bakina tambaya. Na taka filin daga wannan bango zuwa wancan, na sake takawa ta ɗaya gefen, abin da na samu bai yi nisa da abin da ke rubuce ba: tsawo mita 90, faɗi mita 73. Na dafa dutsen wata ƙofa, na ji sanyinsa da kaushinsa. Da ban san labari ba, da na rantse waɗannan gidaje sun shekara ɗari uku ba wanda ya taɓa su. Alhali kuwa mahaifina ya girmi yawancin bangayen da nake kallo. An buɗe wannan dandali ne ranar 22 ga Yuli, 1953, bayan an sake gina shi daga tarin ɓaraguzai.

Yadda aka yi ya koma ɓaraguzai labari ne mai nauyi. A watan Satumba na 1939 Jamus ta mamaye Polan. Ranar 1 ga Agusta, 1944, mutanen Warso suka yi wa sojojin mamaya bore, aka kwana 63 ana gwabzawa titi-titi, gida-gida, aka kashe farar hula fiye da dubu 150. Da boren ya karye, sai aka kori duk wanda ya rage daga birnin, aka shigo da rundunoni na musamman, aikinsu kawai ƙonawa da dasa nakiya, layi bayan layi, har zuwa Janairun 1945. Fiye da kashi 85 cikin 100 na tsohon garin ya kwanta ƙasa. A gidan tarihin birnin, wanda ke cikin gidajen gefen dandalin, na ga hotunan wancan lokaci. Ba ka iya bambance titi da tsakar gida. Tudun bulo ne, sai 'yar hanya da ƙafafun mutane suka fitar a kansa kamar turbar awaki a kan dutse.

Tambayar da ta kawo ni ita ce: daga ina aka san yadda za a mayar da shi? Mutum yana iya tuna launin ƙofar gidansu, amma ba zai tuna kaurin bango ba, balle tsayin bakan da ke kan taga ko tazarar da ke tsakanin hawa da hawa. Ƙwaƙwalwa tana riƙe kama, ba ta riƙe lamba. Shi kuwa magini lamba yake nema.

Amsar ta same ni tun kafin in shiga wani ɗakin ajiyar takardu. A wani lungu da ke gangarawa wajen kogin Bistula na tarar da mutum uku suna aiki a gaban wani gida da aka kafa wa ƙarafan hawa. Wata dattijuwa mai furfura ce shugabarsu, sanye da hular kwano, da allo a hannu, sai saurayi da budurwa, ɗalibanta. Sun kafa wata na'ura a kan ƙafafu uku, kanta yana juyawa a hankali, sun kuma manna 'yan takardu masu zanen baƙi da fari a jikin bango. Na yi sallama irin tasu, na gaya mata sana'ata. A can ana kiran namiji Pan, mace Pani, kamar yadda muke cewa Malam da Malama, kuma ba a kiran babba da sunansa tsirara. Muka yi magana da Turanci, amma ba ta fasa ce mini Pan ba, ni ma ban fasa ce mata Pani ba.

Na ce, "Pani, na ɗauka an gama aikin nan shekara saba'in da suka wuce."

Ta ce, "Pan, ai gini ba ya ƙarewa. Abin da iyayenmu suka gina a 1952 yanzu shi ma ya tsufa, ya zama abin tarihi. Kafin mu taɓa shi sai mun auna shi, kamar yadda aka auna wanda ya gabace shi."

Ta ba ni izinin tsayawa, na kuwa yini tare da su. Abin da ya fara burge ni shi ne, duk da na'urar da ke gabansu, ba ta bar ɗaliban sun dogara da ita ba. Kowannensu sai da ya zauna ya zana fuskar gidan da fensir, da ido kawai, kafin a miƙa tef. Ta ce hannu ne ke koya wa ido gani. Wanda ya zana taga da kansa shi zai lura cewa ta hagu ta ɗan fi ta dama faɗi, kuma wanda bai lura ba ba zai san inda zai sa tef ba.

Daga nan aka shiga awo, na ga tsari mai kyau wanda zan so kowane ɗalibina ya gani. Ba sa auna bango guntu-guntu, daga kusurwa zuwa ƙofa, sannan daga ƙofa zuwa taga, domin kowane awo yana ɗauke da ɗan kuskurensa, idan aka haɗa su sai kuskure ya hau kan kuskure. Sukan kafa bakin tef a wuri ɗaya, su ja shi har ƙarshen bango, su riƙa karanta lambar kowane abu daga wannan tushe guda. A cikin ɗaki kuma ba sa yarda cewa kusurwa a miƙe take. Bayan sun auna bangaye huɗu sai su ja tef daga lungu zuwa lungun da ke kallonsa, su sake ta ɗaya ɓangaren, ɗakin ya rabu gida-gida masu kusurwa uku. Siffa mai kusurwa uku ba ta ƙarya: in ka san tsawon gefunanta uku, hanya ɗaya ce tak ta zana ta. Da haka karkatar kowane bango take fitowa a takarda yadda take a ƙasa.

Tsayi ma ba daga daɓe suke ɗaukarsa ba, don daɓen tsohon gida yakan lotsa nan ya tashi can. Sukan fitar da layi guda madaidaici, kamar mita ɗaya daga ƙasa, su zagaya da shi ɗaki-ɗaki har ya kewaye gidan ya dawo inda ya fara, sannan a auna komai daga gare shi, sama da ƙasa. Yau da hasken leza suke fitar da layin, amma Pani ta ce a zamanin ɗalibtarta da tiyo mai ruwa suke yi, irin wanda maginanmu ke amfani da shi har gobe, domin ruwa a bakin tiyo biyu ba ya saɓa wa juna. Don sanin ko bango ya sunkuya, sai a sako igiya mai ƙarfe a baki daga sama, a auna tazararta da bangon a wurare da yawa. Inda bango ya tsage kuma, sukan ɗaura masa ɗan ma'auni a kan tsagar, su rubuta kwanan wata, su riƙa dawowa suna dubawa. In tsagar tana ƙara buɗewa, ciwon yana nan da ransa, sai a nemi asalinsa a harsashi ko a magudanar ruwa. In ta tsaya, tsohon tabo ne, cikewa kawai yake so.

Duk wannan sai a sauke shi a takarda bisa sikeli, yawanci santimita 1 a madadin santimita 50: shimfiɗar kowane hawa, fuskokin gidan, da zanen da ke nuna shi kamar an yanka shi da wuƙa daga rufi zuwa ɗakin ƙasa. Ado irin na bakin ƙofa kuwa daidai girmansa ake kwafe shi, ba ragi.

Na tambaye ta amfanin na'urar, tun da hannu yana iya duk wannan. Ta kira saurayin ya nuna mini a kwamfuta. Na'urar tana harba hasken leza ne ta kowace fuska, tana lissafa nisan duk abin da hasken ya taɓa, cikin 'yan mintuna ta tara ɗigo miliyoyi. Waɗancan takardu masu baƙi da fari su ne alamomin da ake haɗa awon wannan wuri da na wancan. Sai ga gidan a allon kwamfuta kamar an gina shi da ƙura, ana juya shi, ana leƙa cikinsa, ana auna duk inda aka ga dama. Ta tuna mini cewa lokacin da gobara ta cinye rufin majami'ar Notre-Dame ta Faris a watan Afrilun 2019, akwai irin wannan awo da wani malamin tarihin gini, Andrew Tallon, ya yi mata shekaru kaɗan kafin nan, shi kuwa ya rasu a 2018 bai ga ranar ba.

Sannan ta ce, "Amma zo ka ga abin da na'ura ba ta sani ba."

Muka sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Yawancin waɗannan ɗakuna sun tsira daga nakiya, a kansu aka ɗora sababbin gidajen. Ta haska fitila a bango, ta kama hannuna ta ɗora a kan wani bulo mai duhu, babba, wanda ya fi na zamani kauri. A jikinsa akwai layuka masu zurfi a jere. Ta ce sawun yatsun wanda ya buga shi ne, lokacin da ya share ragowar laka daga bakin ma'auni, shekara ɗari biyar ko fiye. A harshensu ma sunan irin wannan bulo daga kalmar yatsa aka ciro shi. Yatsuna suka zauna daram a cikin sawun nasa. Nan take na tuna tubalin da kakana yake mulmulawa da tafin hannu a Zariya, kowanne da shaidar hannunsa a jiki. Ta nuna mini yadda suke auna tsayin jeri goma na bulo tare da kwaɓin da ke tsakaninsu, domin girman bulo da yadda ake jera shi sun sha bamban daga zamani zuwa zamani, ta haka ake gane shekarun bango. A zanenta kowane zamani da launinsa: wannan na ƙarni na 15, wannan na 17, wannan na 1952. Na'ura tana ganin bango ɗaya, ita tana ganin bango uku.

Da muka fito shan shayi ta ba ni labarin da ya sa na ɗauki alƙalami. Polan ta shafe shekara 123 babu ita a taswirar duniya, Rasha da Furushiya da Ostiriya sun raba ta a tsakaninsu, sai a 1918 ta dawo. Mutanen da aka taɓa shafe sunan ƙasarsu sun san cewa abin da ba a rubuta ba yana iya zama kamar ba a taɓa yin sa ba. A farkon shekarun 1920 wani farfesa mai suna Oskar Sosnowski ya kafa sashen nazarin gine-ginen Polan a babbar makarantar fasaha ta Warso. Ya sa awon tsofaffin gine-gine ya zama wajibi a kan ɗalibai. Kowace shekara sai su bazu da tef da allo da fensir, wasu su auna majami'un ƙauye na katako, wasu fadoji, wasu gidajen tsohon garin Warso. Ba wanda ya san yaƙi na tafe. A wurin ɗalibi aikin makaranta ne kawai, a auna, a zana, a miƙa wa malam, a ajiye a durowa. Shekara kusan ashirin takardu suna taruwa.

Sosnowski ya rasu a Satumbar 1939, sakamakon ruwan bama-baman da aka yi wa birnin. Almajirinsa Jan Zachwatowicz ya ɗauki amanar. A ƙarshen 1944, lokacin da birnin ya zama kango ba kowa sai masu dasa nakiya, shi da abokan aikinsa suka samu hanyar shiga, suka kwashe zane-zanen daga ginin makarantar, suka kai su garin Piotrków da ke kudu maso yamma, aka ɓoye su a gidan wasu masu ibada na Kirista. Mutum ya sa ransa a tafin hannu saboda takarda. Ina jin wannan sai na ajiye kofin shayin, domin na san irin waɗannan takardu, na sha karɓarsu daga hannun ɗalibai, ban taɓa kallonsu a matsayin abin da za a mutu dominsa ba.

Bayan yaƙi an yi muhawara mai zafi. Wasu suka ce a share wurin a gina sabon birni na zamani, har akwai masu ganin a mayar da babban birnin wani gari. Masana kuma a lokacin suna riƙe da ƙa'idar cewa abin da ya rushe ya rushe, sake gina shi jabu ne. Zachwatowicz, wanda aka naɗa babban mai kula da kayan tarihin ƙasar a 1945, ya san ƙa'idar sarai, amma ya tsaya a kan cewa wannan rushewa ba ta tsufa ba ce, ba ta girgizar ƙasa ba ce, an yi ta ne da gangan don a shafe al'umma, kuma barin kangon a haka cika wa mai rushewa burinsa ne. Ra'ayinsa ya yi rinjaye. Ofishin sake gina babban birnin, wanda aka kafa a farkon 1945, ya tattaro zanen ɗaliban nan, da tsofaffin hotuna, da taswirori, ya kuma tura ma'aikata su auna duk abin da ya rage a tsaye kafin ya faɗi. Jama'a suka fito gayya, maza da mata da yara, suna miƙa bulo hannu da hannu, suna kankare wanda zai moru. Duk guntun dutsen ƙofa da aka tono daga ɓaraguzai sai a duba zane, a gano gidansa, a mayar da shi mazauninsa.

Washegari na tafi fadar sarakunan Polan, jan gini mai hasumiyar agogo a bakin tsohon garin. A can akwai ɗaki guda da bangayensa ke lulluɓe da zane-zane fiye da 20 na wani mai zane ɗan Italiya, Bernardo Bellotto, wanda ya zo Warso a 1767 ya yi wa sarki Stanisław August aiki har ya rasu a 1780. Yakan yi amfani da wani akwati mai duhu da gilashi a gaba, wanda ke sauke hoton titi a kan takarda, shi kuma ya bi layukan. Saboda haka zanensa ya kusa zama awo: ana iya ƙirga tagogi, a gwada tsayin wannan gida da na maƙwabcinsa. Jamusawa sun kwashe zanen a lokacin yaƙi, aka dawo da su bayansa, suka zama shaidu wajen sake gina manyan titunan da ke fita daga fada. A kan babban titin da ya nufi kudu an kafa kwafin wasunsu a daidai inda mai zanen ya tsaya. Na tsaya a gaban ɗaya, ina duban hoto ina duban titi. In ka cire kekunan doki ka sa motocin bas, sauran duk suna nan. Sai dai Pani ta riga ta gargaɗe ni cewa mai zane yana da 'yancin ƙawata abu, kuma Bellotto yakan ƙara ado inda ya ga dama. Shi ya sa, in zanensa da awon ɗalibi suka saɓa, masanin kirki ya san wanda ya fi cancantar a gaskata.

Ita kanta fadar ta fi komai jinkirin dawowa. An jefa mata bam ranar 17 ga Satumba, 1939, agogonta ya tsaya a ƙarfe 11:15. A cikin watannin da suka biyo baya, ma'aikatan gidan tarihi na ƙasa ƙarƙashin Stanisław Lorentz suka riƙa shiga suna ciro abin da za su iya: ɓallin ƙofa, guntun adon rufi, allon bango, ko da tafin hannu ne, don ya zama samfuri wata rana. A 1944 aka tarwatsa ginin da nakiya. Sai a 1971 aka yanke shawarar sake gina shi, da kuɗin da jama'a suka tara a gida da waje, aka buɗe shi a 1984. Agogon kuwa an sake tayar da shi a 1974, daga ƙarfe 11:15 ɗin da ya tsaya. A cikin ɗakunan, in ka lura, za ka ga wani yanki na ado ya fi sauran duhu. Shi ne na asali, wanda wani ya ɓoye a ƙarƙashin rigarsa, sauran kuma a kansa aka auna su. Ba su goge shi don ya saje ba. Haka ma a ganuwar tsohon garin, ido yana iya bin inda tsohon bulo ya ƙare sabo ya fara. Wannan gaskiya ta ƙara musu girma a idona: ba su ce wa baƙo komai na da ne ba, sun nuna masa ɗinkin.

Ba kuma komai aka mayar yadda yake ba. An buɗe tsakar gidaje don haske da iska su shiga, an sa ruwa da wuta, ba a mayar da wasu ƙare-ƙaren ƙarni na 19 ba. Babbar majami'ar Yohana an ba ta fuska irin ta zamanin da ya gabaci wadda aka rushe. Akwai kuma abin da awo ba ya iya dawowa da shi. Na taka zuwa unguwar Muranów, tafiyar 'yan mintuna daga tsohon garin. Kafin yaƙi kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen Warso Yahudawa ne, nan ce cibiyarsu, nan aka killace su, aka kwashe su zuwa sansanonin kisa, aka baje unguwar a 1943. Ba a sake gina ta yadda take ba, sababbin gidaje aka ɗora a kan tudun ɓaraguzanta, shi ya sa har yau wasu gidajen suke bisa 'yan tuddai. Na daɗe a tsaye a wurin. Takarda tana iya mayar da bango, ba ta iya mayar da mai gida.

Duniya ta yaba wa abin da Warso ta yi. A 1980 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya, ba don daɗewar bangayensa ba, sai don irin yadda aka tayar da shi. A 2011 kuma ta sa takardun ofishin sake ginin cikin kundin abubuwan da duniya ba za ta manta da su ba. Zachwatowicz yana cikin waɗanda suka tsara yarjejeniyar Benis ta 1964, wadda ta wajabta rubutawa da zana kowane mataki na gyaran ginin tarihi, kuma shi ya zana tambarin garkuwa mai shuɗi da fari da ake manna wa irin waɗannan gine-gine don a kiyaye su a lokacin yaƙi. Na gan shi a ƙofofi da yawa a birnin.

A ranar da zan yi bankwana da Pani ta tambaye ni garinmu. Da na ce Zariya, a arewacin Najeriya, sai ta ɗago kai ta ce, "To ai kun san Dmochowski." Lallai mun san shi. Zbigniew Dmochowski ɗan wannan makaranta ne ta Sosnowski, a can ya koyi awo a kan gine-ginen katako na karkarar Polan. A ƙarshen shekarun 1950 ya zo Najeriya ya yi aiki da hukumar kayan tarihi, ya zagaya ƙasar da matasan da ya horar, suna auna fadoji da masallatai da gidajen talakawa. Ya auna Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu na zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, da bakan gizonsa da ginshiƙansa masu ado, tun kafin a lulluɓe shi da sabon gini. Da irin wannan awo aka gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ya kafa a Jos, tare da kwatankwacin wani yanki na ganuwar Kano. Ya rasu a 1982, littafinsa mai juzu'i uku ya fito a 1990, na farkon a kan Arewa. Na sha buɗa wannan littafi a gaban ɗalibai, amma sai a wannan lungu na Warso na fahimci abin da ya sa baƙo zai shafe shekaru cikin rana da ƙura yana auna kaurin katangar ƙasa. Ya fito ne daga birnin da ya ga ranar da takarda ta fi dutse daɗewa.

Mu ba nakiya ke cin namu ba. Damina ce, da gara, da mutuwar mai yaɓe, da magajin da ya ga bulon siminti ya fi masa sauƙi. Ginin ƙasa in an bar shi shekara uku ba yaɓe, indararo ya toshe, azara ta jiƙe, wata rana da asuba sai a ji rugugi. Ba a yin shela, ba a ɗaukar hoto, kuma in ya kwanta ƙasa ce ta koma ƙasa, babu guntun dutse da za a tono a ce ga mazauninsa. Don haka buƙatarmu ga awo ta fi tasu.

Mako biyu da dawowata na ɗauki ɗalibai shida muka tafi zauren gidanmu, wanda kakana ya ɗaura wa guga da hannunsa. Na roƙi wani tsohon magini, abokin aikinsa na ƙarshe da ya rage, ya zo ya zauna tare da mu. Muka zana da ido, muka kafa tushe guda, muka ja tef lungu zuwa lungu, muka zagaya da layin ruwa. Da wata ɗaliba ta karanta faɗin zauren da mita, sai tsohon ya girgiza kai.

Ya ce, "'Yata, ba da wannan aka gina shi ba. Kamu ne. Kawo hannunki."

Ya tashi da sandarsa, ya ɗora gwiwar hannunsa a gindin bango, ya riƙa kifawa yana ƙirgawa har ya kai ɗaya bangon, lambar ta fita cif ba ragowa. Ya nuna mana inda ƙafar baka ta fara lanƙwasa, da dalilin da ya sa aka jera azara hawa-hawa a wurin, da sunan kowane sashe.

Na ce, "Baba, a maimaita mana a hankali, za mu rubuta."

A takardar yau akwai lamba biyu a kan kowane bango, ta mita da ta kamu, da sunan kowane abu yadda ya faɗe shi. Mun yi kwafi uku, kowanne yana ajiye a gari dabam. Ranar Asabar mai zuwa za mu shiga soron ciki.